Matar da Ta Mayar da Haƙarƙarin Layya

Kullum kafin Hasiya, matar yayana Buba, ta kai masa abinci, sai ta bar miyar ta huce, ta sa ludayi ta kwashe man da ya taso. Gishiri da ɗan yatsa take auna shi. Ina tsokanarta cewa ko gidan kaso an fi nan daɗin miya, ta ce to in tafi can.

Tun da ƙodojin Yaya Buba suka daina aiki, kowane mako suna hanyar Dogon Dutsi zuwa Yamai wankin ƙoda. Wata rana ya tsaya a tasha ya ci soyayyen nama kafin a ɗebi jininsa. Likita ya nuna mana kwalbar: ruwan da ya taso saman jinin ya yi fari kamar an zuba nono. Ya ce mai lafiya in ya ci maiƙo, jikinsa kan kwashe shi daga jini ba da daɗewa ba. Na mai ciwon ƙoda kuwa sai ya yi ta yawo a jini, injin wankin ma ba ya fitar da shi, a hankali ya cushe hanyoyin jinin zuciya. Tun ranar, in na ga Yaya ya gama cin abinci ya dafe ƙirji, gabana faɗuwa yake yi.

Mu kuwa a Arewa, ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Da Babbar Sallah, Baba Gado, ƙanin mahaifinmu, ya taso tun daga Dumega da gasasshen haƙarƙari, kitse na ɗiga, da kwalbar man shanu.

"A ba shi shi ci shi yi ƙarhi," in ji shi.

Yaya ya miƙa hannu. Tsoro ya kama ni, amma wa zai tanka wa Baba? Hasiya ta durƙusa.

"Baba, ku yi mani aikin gahwara. Wanga nama ba ya cin shi."

"Ke ka hana ɗana naman layya?"

"Ku yi hushi da ni, Baba. Na hi son hushinku da zaman makoki."

Baba ya naɗe kayansa ya fita ko sallama babu. Har yau a Dumega wasu na cewa tana horar da mijinta da yunwa.

Hasiya, garkuwar Buba, ke ce kika ɗauki baƙin jinin da mu 'yan uwansa muka ji tsoron ɗauka. Tsoron bai bar ni ba. Wasu da suke haɗuwa da Yaya a ɗakin wankin, zuciya ce ta tsaya musu, ga kuma wata layyar ta ƙarato. In na kwana da sauƙi, don na san kina bakin murhun nan ne. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku masu zuwa dubiya, ku tambayi mai girki kafin ku riƙo wani abu. Ku masu jinya, ku yi koyi da ita har a wajen ci. Hasiya 'yar mahauta ce, cikin tsire da balangu ta tashi, amma tun ranar kwalbar jinin nan kwano ɗaya take ci da Yaya, wannan miyar da nake wa dariya. Na taɓa saya mata tsire na ce ta ci a ɓoye. Ta mayar mini, ta ce zai ji ƙanshin a hannunta.