Gwaggo Tela da Fim ɗin Gwangwani

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki. A layinsu ba a kiranta da wani suna sai Gwaggo Tela, har jikokin mutanen da ta ɗinka wa kayan makaranta. Mace ce gajera mai saurin magana, kullum da allura a bakinta, kuma ba ta yarda da abin da ake cewa ya lalace. Da gwiwa ta fara damunta, 'ya'yanta suka taru suka rufe shagon, suka ce ta huta. Hutun bai karɓe ta ba. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba, ta sake wa mijinta, Baba Direba, maɓallan riguna duka ba tare da ya roƙa ba.

Wata rana tana kwashe tarkacen ɗakin ajiya ta ci karo da gwangwanin biskit mai tsatsa. A ciki akwai naɗin fim ƙanana, sirara kamar tef ɗin awo, da ramuka jere a gefe. Na Kaka ne, mahaifinsu, wanda ya taɓa sayen kyamara ta hannu lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Ta ɗaga ɗaya a hasken taga, ta ga mutane ƙanana kamar tururuwa.

Baba Direba ya ce a bar masa. Ya aro tsohon majigi wurin abokinsa, ya ɗaura fim ɗin, ya kunna da alfahari. Bango ya yi haske, muka ga ƙafar wani mutum, sai hoton ya kumbura ya narke, ƙauri ya cika falo.

"Kashe! Kashe, Malam! Ka soya mana dangi!"

"Ai ba ni ba ne, injin ne."

"Haka kake cewa duk motar da ka jefa a rami."

Daga ranar ba wanda ya sake taɓa gwangwanin sai ita. Ni ina aiki a kantin magani, ina da 'yar kwamfuta, sai ta kira ni ta tambaya ko fim ba hotuna ba ne a jere. Na ce haka ne.

"To in na ɗauki kowane hoto da waya, za ki iya haɗa su su yi tafiya?"

"Gwaggo, hotunan nan fa dubbai ne."

"Ke kin taɓa ƙirga ɗinkin da ke jikin rigarki?"

Ta ɗauko kwalin takalmi ta huda, ta sa ƙaramar fitila marar zafi a ciki, ta rufe ramin da farar roba don hasken ya bazu. Wayarta ta ƙi ganin abu kusa, sai ta cire gilashin gaban majigin nan da ya yi ɓarna, ta manna shi a idon wayar. Da mai majigin ya zo karɓar kayansa, ta sallame shi da sabuwar riga, ya tafi yana godiya. Naɗin fim ɗin kuwa ta ɗora shi a kan tsohon kekenta, inda ake naɗa zare. Ta juya da hannu kaɗan, rami ɗaya ya wuce, ta danna waya. Ta sake juyawa, ta danna. Kafin kowane naɗi sai ta goge shi da ƙyalle mai laushi, inda ya tsinke ta haɗa da tef.

Kullum bayan karin safe take zama, rediyo na yi, gilashi a kan hanci. Baba Direba ya nemi aikin danna waya, aka ba shi, aka kore shi a ranar saboda babban yatsansa ya fito a rabin hotunan.

Da naɗin farko ya kammala na haɗa hotunan, muka zauna kallo. Sai ga mutane suna tafiya da baya, ruwa yana tashi daga kofi yana komawa buta, wani yaro ya tashi daga kwandon wanki ya faɗa kan keke. Ashe daga ƙarshe ta faro. Baba Direba ya yi dariya har da tari, ya ce a bar shi haka ya fi kyau. Na juya jerin, muka sake kunnawa.

Tsakar gida ce, da igiyar shanya. Wata mata siririya ta fito da buta, ta hango kyamara, ta rufe fuska da hannu, sannan ta leƙo ta tsakanin yatsu tana dariya. Wushirya gare ta. Gwaggo ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

"Innarmu ce," ta ce. "Na manta tana dariya haka. Ciwonta kawai nake tunawa."

Can sai yaron nan ya hau keke, ya yi taku biyu, ya kife cikin kwandon wanki. Gwaggo ta buga cinya.

"Babanki ne wannan! Kira min shi yanzu, mai cewa bai taɓa faɗuwa a keke ba!"

Babanmu ya zo da yamma, ya kalla, ya ce wannan ɗan maƙwabta ne. Ya sa aka maimaita wurin Inna har batirin kwamfutar ya mutu.

Labari ya zagaya layi. Wani tsohon malamin makaranta ya kawo nasa naɗin a cikin safa, wata mai kanti ta kawo na surukinta duk ya yi fumfuna. Gwaggo ba ta mayar da kowa, sharaɗinta ɗaya: mai fim ya zauna a gefenta yana faɗa mata su wane ne a ciki. Jiya na same ta da malamin, kansu a haɗe a kan kwalin, suna musu ko wanda ke tsaye a bakin ƙofa shi ne ko yayansa. Malamin ya rantse shi ne. Gwaggo ta ce kunnuwan ba nasa ba ne, ta juya keken, ta danna.