Edil na Ƙarshe a Jidda

Duk faɗin Jidda, daga Bagdadiyya har bakin teku, ni kaɗai ne mai riƙe da sarautar Rumawa. Kada ka yi dariya, gado na yi. Ko jiya da ƙamshin balila, dafaffen waken nan na Larabawa, ya buge ni a bakin wata baƙala, wato kantin unguwa, sai da na gyara tsayuwa irin ta masu muƙami.

Kakana ne ya zo da kalmar, wato edil. A hanyarsa ta zuwa hajji a ƙasa ya yi shekaru yana dako a Musawwa, wurin wani Bature ɗan Italiya, shi ya ba shi labarin edil. Wai a tsohuwar Rum edil shi ne jami'in da ke duba kasuwa da mudu da hanya da ruwan sha, ranar biki kuma ya shirya wa jama'a wasa daga aljihunsa. Kaka ya ga kamar don shi aka ɗinka rigar. Yana sauka unguwarmu ya naɗa kansa. Ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda ya iya tsige shi.

Kullum da hantsi sai ya zaga layinmu da sanda, ina biye. Ya leƙa tukunyar mai balila, ya ƙwanƙwasa garwar mai ruwa, ya zungure kwatar da ta toshe. Lokacin zafi, sa'ad da bango ma ke gumi, shi ke sanin gidan da tsohuwa ta wayi gari ba ruwa a randa. Ranar salla kuwa alewa har haƙoranmu su nemi afuwa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni ya miƙa wa sandar. Ya ce, "Riƙe mini mutanen layin nan, kada su watse."

Sandar tana nan. Layin ne babu. An rushe unguwar, kowa ya bi inda haya ta kai shi, halas, shi ke nan. Mai balila ma ban san ko tana raye ba.

Yanzu a wani bene muke a Madain Fahd. Kwanaki na ɗauko sandar ina ba yarana labari, ina Hausa suna amsawa da Larabci. Na ce musu kalmar nan ta mutu a Rum tun tuni, a hannun ubansu kaɗai take numfashi. Goggona, autar kaka, tana gefe tana tsince shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ranka ya daɗe edil," ta ce, "wannan bawan Allah da ƙofarsa ke kallon taka, mene ne sunansa?"