Na Tura Ɗan Malamina Neman Aikin da Babu Shi

Kafin a kai ni gidan yari, babu wanda zai nuna ni a ƙauyenmu ya ce ga macuci. Ɗan manomi ne ni daga ƙasar Minjibir. Da damina in bi Baba gona, da kaka in taya shi yankan dawa. Na yi difloma a Kano, na dawo gida da takarda, babu aiki.

Wani abokina da ke zaune a Bacirawa ne ya koya mini neman aiki ta intanet. Ya nuna mini yadda ake buɗe imel, a ɗauki hoton takardun makaranta a tura. Sabis ba ya kamawa a cikin gidanmu, sai in yini a bayan firamare ina turawa. Shiru, shiru. Rannan wani ya amsa, ya ce an ɗauke ni, in turo kuɗin rajista. Na lallaɓi Inna ta sayar da akuyarta. Ina turawa lambarsa ta daina shiga.

Na yi baƙin ciki, amma daga baya sai na fara tunanin yadda abin ya zo masa da sauƙi. Na sayi sabon layi, na buɗe guruf da sunan wani kamfanin gine-gine da na ƙirƙira, na riƙa tallar guraben aiki ina karɓar kuɗin rajista. Na ce wa kaina akuyar Inna kawai zan mayar in daina. Na mayar, ban daina ba. Waɗanda nake cuta ban taɓa ganin fuskarsu ba, shi ya sa abin bai dame ni ba. Na sayi babur. A gida na ce aikin kwamfuta nake yi wa wasu mutanen Abuja, Baba har sadaka ya yi.

Wata rana bayan la'asar Malam Habu, wanda ya koya mini karatun allo, ya zo ƙofar gidanmu da ɗansa Nura. An turo wa Nura tallar aiki, ya shiga guruf ɗin. Malam ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ka san harkar nan. Duba mana tsakani da Allah. In gaskiya ce, in sayar da bijimin huɗata."

Rubutuna ne. Na san in na ce ƙarya ce, Nura zai faɗa a guruf, sauran su watse kafin su biya. Na ce, "Gaskiya ce, Malam."

Ya sayar da bijimin. Yadda na saba, in mutane sun biya sai in tura musu adireshin ƙarya a Abuja wai su je ganawa, in kashe layin. Na yi niyyar kiran Nura gefe in hana shi tafiya, kullum in ce gobe. Ya tafi. Ya yi kwanaki yana yawo a garin da bai sani ba, yana tambayar ofishin da babu shi, har guzurinsa ya ƙare. Ya roƙi wani direba ya hau bayan tirela zai dawo. Motar ta kife kafin Zariya. Da ni aka ɗauki makararsa.

Ba ni na tona kaina ba. Wata malamar firamare a Ungogo da na cuta ce ta kai ƙara, aka bi asusuna, aka kama ni a shagon cire kuɗi. A kotu sunan Nura ya fito, labari ya isa ƙauye kafin yamma. Baba bai taɓa zuwa duba ni a gidan yari ba. Inna ta zo sau ɗaya, ta ce ya daina sallah a masallacin unguwarmu don kada ya haɗa sahu da Malam. Baba ya sayar da gefen gonarsa ya sayo bijimi ya kai, Malam ya dawo da shi.

Da na fito ban shiga gida ba sai da na durƙusa a zauren Malam. Na faɗi komai. Malam ya ce, "Haƙƙina na yafe maka. Na Nura kuwa ba a hannuna yake ba."

Yanzu noma nake, ina istigfari, yawancin mutane ba sa amsa sallamata da sakin fuska, kuma ban ga laifinsu ba.

Ku matasa, ku nemi aiki ta intanet, akwai na gaskiya. Amma duk wanda ya ce ku biya kafin a ɗauke ku, irina ne, ku rabu da shi. Kada ku yi tafiya sai wani da kuka sani ya je ya ga ofishin da idonsa. In kuma an cuce ka, kada ka huce a kan wani. Kowace lamba da ke cikin wayarka ɗan wani ne, kuma wata rana ubansa zai zo ƙofar gidanku ya tambaye ka tsakani da Allah.