Yadda Muka Rasa Madam Rifkatu

Ko na bar aiki ba zan manta da ranar da aka kira ni ofishin shugabar makaranta a kan Madam Rifkatu ba. Lokacin ni ce shugabar sashen kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Azare, ina koyar da bayoloji. Ita kuwa lissafi take koya wa 'yan ajin ƙarshe. 'Yar kudancin Bauchi ce, amma ta daɗe a cikinmu.

An yi mata aikin sankarar mama a Kano, ta dawo a zango na biyu, ta rame, magani ya zubar mata da gashi. Al'adarmu malamai mata, in an tashi tara sai mu zagaye tire ɗaya na ɗanwake, kowa ta sa hannu. Tana dawowa tire ya watse. Wannan ta ce azumin nafila take yi, waccan ta ce ulsa ta hana ta yaji. Azumin kuwa da Madam ta shiga aji yake karyewa. Ni da ita muka rage muna ci.

A ƙa'ida makaranta ba ta canja wa malami wurin aiki, sai dai ta rubuta wa ofishin shiyya ta nema. Abin da shugaban kwamitin iyaye, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya zo nema ke nan. Wai a tura ta can garin Dagauda kada ta shafa wa yaransu ciwon, alhali a Azare asibitin da ke duba ta yake. Hajiya shugaba ta ce in yi bayani.

Na yi musu bayani irin na 'yan aji ɗaya. Na ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi. Kowace tana rabuwa biyu don a girma ko rauni ya warke, kuma a cikinta akwai umarnin da ke tsayar da ita. In umarnin ya lalace sai ta yi ta rabuwa kamar mashin da birkinsa ya tsinke, har ta tara ƙari. Sankara ke nan, daga jikin mai ita take farawa. Ba tari ba ce balle a ɗauka a numfashi ko a kwano.

Alhaji ya yi ta gyaɗa kai, sannan ya ce, "Malama, duk mun ji. Amma ai rigakafi ya fi magani."

Na juya wajen mataimakin shugaba, Malam Sabo, wanda shi ma bayoloji ya koyar kafin a ƙara masa girma. Sai ya ce wai a littafi dai haka yake. Nan raina ya ɓaci. Na ce in littafin ƙarya ne mu rufe shi mu sallami yaran, tunda wasa muke yi. Hajiya ta ce ba za ta rubuta komai ba, taro ya tashi.

Na fito da murnata na kai wa Madam albishir. Ta yi godiya, sannan ta gaya mini ta riga ta nemi a mayar da ita gida da kanta.

"Malama, ciwon na iya da shi," in ji ta. "Amma kullum in ga ana ɗauraye kofin da na sha da ruwan zafi, wannan ban iya ba."

Ta tafi kafin ƙarshen zango. 'Yan ajin ƙarshe suka shiga jarrabawa ba malamar lissafi. A tawa jarrabawar na tambayi yara ko ana ɗaukar sankara, kusan duka suka amsa daidai. Ina ba su maki ina tsaki.

Tun daga nan na daina yarda da amsar da ke kan takarda. In ina so in san abin da mutum ya koya, malami ne ko ɗaliba, sai in duba wanda yake yarda ya zauna kusa da shi.