Ranar da Laraba Ta Karɓi Geronta

A Wurno, zamanin da Nasara ke tara mutane aikin hanyar mota, in ka ce Laraba sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Laraba mai daddawa, ko akuya ta san gidan. Doguwa ce, fuskarta duk zanen agana, murya kuwa Allah ya ba ta har ta yi yawa. In ta ce za ta yi maka raɗa, to maƙwabta ma sai su gyara zama. Kalwa take dafawa, ta surfa, ta rufe ta ruɓa, ta kirɓa, warin sana'ar ya bi ta har cikin zanen sallarta. Ba ta taɓa jin kunyarsa ba, don da shi ta raini 'ya'yanta maza, dukansu kuma suna nan da ransu suna cinye mata tuwo.

Tana budurwa agana ta kama ta, aka fitar da ita bukka bayan gari kamar yadda ake yi. Wadda ta riƙa saɗaɗawa tana kai mata kunu ita ce ƙawarta Bara'atu, wadda ba ta taɓa yin cutar ba, ta kuwa sha duka a gida saboda haka. Laraba ba ta manta ba. Duk wanda ya zauna da ita ya ji labarin nan har ya gaji da ji.

Aure ya kai Bara'atu Shinaka, wajen Goronyo. Allah ya ba ta haihuwa, sai dai wabi take yi: ta haifa, ta shayar, kafin shekara ta zagayo an kai yaron makwanci. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da wani cikin ya tsufa, uwar mijinta, Inna Asabe, ta ce a yi abin da tsofaffi ke yi, a sayar da abin da aka haifa ga macen da 'ya'yanta ke rayuwa, don in mutuwa ta leƙo ta tarar ba na Bara'atu ba ne, ta wuce. Malaman Wurno ba sa son jin irin wannan zance, amma mata ba su cika tambayarsu ba.

Aka haifi mace cikin watan Gani, watan Mauludi. Ranar suna sai Laraba ta zo ta ajiye ƙwaryar gero gaban Bara'atu, ta ɗauki jaririyar ta ce ta saya, sannan ta mayar wa Bara'atu da ita ta ce ta yi mata raino. Sunan yanka Ruƙayyatu, amma Ayashe ake kiranta, don kada a nuna an damu da ita.

Matsalar ita ce Bara'atu ta riƙe cinikin nan da hannu biyu. Tana ba da nono, tana wanka, tana goyo, ba abin da ta rage. Amma ba wasa, ba tawai, ba ta yarda ta dubi yarinyar cikin ido ta yi mata dariya. In za ta ambace ta sai ta ce ɗiyar Laraba.

Watan Gani ya sake kamawa, Ayashe na nan. Mutanenmu ba su ɗauki shekarar yaro wani abin biki ba, amma a ɗakin Bara'atu ba a taɓa ganin haka ba. Laraba ta wuni tana godiya ga Allah da ƙarfi, har kajinta suka watse. Ta ce wallahi ba za ta je Shinaka hannu sake ba.

Nan fa aiki ya same ta. Ta shiga kasuwa ta tsaya gaban mai koli, ta ɗauki murjani, ta ajiye. Kayan ado na jawo ido, ta kuma san Bara'atu cikin tukunya za ta jefa shi. Ta ɗauki 'yar rigar kanti mai furanni, ta tuna da ƙwaryar da ke ƙarƙashin gadon ƙawarta, inda rigunan waɗanda suka tafi ke ninke, ta ajiye da sauri. Ta juya warwaro, ta juya 'yan kunne.

Mai kolin ya ce, "Laraba, in ba saye za ki yi ba, bari taɓawa. Kin sa ma kayana warin daddawa."

Ta ce, "Albarka nis sa musu. Mi ad da kai wanda ɗiya 'yash shekara guda ka so?"

Ya ce, "Nono. Shi kau ban saida shi."

Ta zage shi, suka yi dariya, ta wuce. Ta leƙa wajen masu awaki, ta ga 'yar akuya ja mai kyau, amma ba wa yaro dabba cewa ne zai girma ya ga 'ya'yanta, Bara'atu kuwa ba za ta iya jin wannan ba. Daga ƙarshe ta koma gida da alewa kawai, tana jin haushin kanta.

Ta isa Shinaka da la'asar sakaliya, ƙafafu duk ƙura, da ƙunshin daddawa a ka. Aka yi maraba, aka kawo ruwa da fura. Inna Asabe na gefe tana kaɗi, Bara'atu na tsintar wake a faifai. Ayashe kuwa tana tsaye riƙe da turmi, tumɓur, ko zare babu a jikinta.

Suna cikin gaisuwa sai yarinyar ta saki turmin. Ta yi tangaɗi, ta ɗaga ƙafa, ta sake ɗagawa, ta nufi Bara'atu hannuwa a buɗe tana ɓangalar dariya. Laraba ta ga hannuwan ƙawarta sun tashi da kansu daga faifai. Sai kuma ta ga Bara'atu ta mayar da su, ta kawar da kai, ta ce, "Tahi wurin uwakki." Yarinyar ta tsaya, dariyar ta ɗauke, ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon ƙeyar Bara'atu.

Abin ya soki Laraba har cikin rai. A nan ta gane abin da ta rasa a kasuwa.

Ta ce, "Bara'atu, ina gerona?"

"Wane gero, ƙawa?"

"Wanda nib ba ki ran suna. Na hwasa cinikin. Ɗauko mani abina, ki amshi ɗiyakki."

Inna Asabe ta saki mazari. Ta ce, "Ke Laraba, lahiyakki? In wani abu yas samu yarinyag ga, wa za a ce?"

Laraba ta ce, "Ni za a ce, Inna, na kau yarda. Rai ga Allah shike. Na zagaye kasuwa kakaf ina biɗan abin da zan ba ta, ashe ba ta rasa komi ba sai uwa."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Ta san in yarinyar nan ta ko yi zazzaɓi ta tafi, ita da Shinaka har abada, ita da Bara'atu ma haka.

Bara'atu ta ajiye faifan. Ta ce, "Ƙawa, tsoro nika ji."

Laraba ta ce, "Ni ma shi nika ji. Tashi dai."

Bara'atu ta tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da gero, ta ajiye gaban Laraba. Sannan ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Ruƙayyatu." Yarinyar ba ta waiga ba, don ba ta san sunan ba. Bara'atu ta sake kira, ta buɗe hannuwa. Wannan karon yarinyar ta ɗago, ta ga fuskar da ta daɗe tana nema tana kallonta, ta rarrafa da gudu ta faɗa ƙirjinta. Bara'atu ta ƙanƙame ta tana kuka tana cewa, "Ɗiyata, ɗiyata," Inna Asabe ma ta ja bakin zane ta share ido.

Washegari Laraba ta kamo hanyar Wurno da gero a ka. Tsoron da Bara'atu ta sauke, ita ta ɗauko shi ta taho da shi gida. Duk sanda aka ce ga baƙo daga Shinaka sai gabanta ya faɗi, ta kasa tambaya sai shi ya fara cewa lafiya lau. Ba ta gaya wa kowa ba. Haka ta ci damina ta ci rani, har ranar da tana tsakiyar kirɓi ta ji sallama, ta ɗago ta ga Bara'atu a ƙofa, da 'yar yarinya mai kitso da murjani a wuya, tana tafe da ƙafarta, riƙe da yatsan uwarta. Laraba ta jingine taɓarya, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Alhamdu lillahi."