Kwana Goma Sha Ɗaya da Aka Ce Baba Sake-Duba Bai Zo Aiki Ba

Shekara ashirin da shida Baba Sake-Duba ya yi yana gadin ƙofar wani babban siton kayan gini, inda ake ajiye siminti da rodi da kwanon rufi. A nan ma ya samo sunan. Idan ya rufe kwado sai ya yi taku biyar, ya dawo ya jijjiga shi. Idan direba ya miƙa masa takardar fita da kaya, sai ya bi ta da yatsa a hankali, don karatun nasa bai yi nisa ba, ya kai ƙarshe ya koma farko. Direbobi su yi ta danna hon, shi ko a jikinsa. Ɗakin gadin nasa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: benci ɗaya, buta, ƙusa uku na rataye makullai, da wata taga da yake hango titi ta cikinta. Ƙarfe shida da rabi yana wurin. Akwai masu shaguna a layin da ba sa duba agogo da safe, ƙarar buɗe ƙofarsa suke jira.

Wayar hannunsa, babbar 'yarsa mai ɗinki ce ta saya masa, don ya riƙa ganin hotunan jikoki. Bai daɗe yana ganin jikokin ba. Shekara huɗu da suka wuce wata tirela ta fita da rodi, aka rasa wadda ta fita da shi, sai manaja ya zo da kansa bakin ƙofa ya ce, "Baba, daga yau duk motar da ta shiga ko ta fita, ka ɗauke ta hoto, lambarta ta fito. Kuma kada ka goge ko ɗaya." Kamfani bai ba shi waya ba, bai kuma tambayi ta wa zai yi amfani da ita ba. Baba ya ce to. Tun daga ranar, babbar mota ko ƙarama, ta baƙo ko ta ma'aikaci, sai ta tsaya ya ɗauke ta. Sau biyu, saboda halinsa.

Daga baya aka kawo sabon jami'in kula da ma'aikata, wanda leburori suka laƙaba wa Mai Kwat, don ko rana na ƙona ƙarfe ba ya cire kwat ɗinsa. Shi ya ɗauke littafin sa hannu, ya ce zamani ya wuce biro. Kowa ya sa wata manhaja a wayarsa, da safe ya danna, ta nuna ya zo aiki. Baba ya koya, ya yi shekara guda yana dannawa ba fashi.

Wata Litinin ya danna, sai manhajar ta ƙi buɗewa. Rubutu ne ya fito, akawu ya karanta masa: ba za ta yi aiki ba sai an sabunta wayar gaba ɗaya. Aka danna wurin sabuntawa, wani ɗan layi ya fara tafiya, ya kai kusan rabi, ya tsaya cak, ya koma. A ranar Baba ya tare Mai Kwat a ƙofa ya gaya masa.

"Ranka ya daɗe, abin nan ya ƙi. Ga ni dai na zo, a rubuta."

"Je ka gyara wayarka, Baba," in ji Mai Kwat ta tagar mota. "Ni ba mai gyaran waya ba ne."

Ba irin dabarar da ba a gwada ba. Wani direba ya ce a kashe ta a kunna, aka kashe aka kunna har Baba ya iya yi ido rufe. Wani ya ce caji ne bai isa ba, ta wuni a jone. 'Yarsa ta ce data ce, ta sa masa mai yawa. Akawu ya ce irin wannan ba ya sauka sai da intanet ɗin ofis, Baba ya tsaya ƙarƙashin tagar ofis da tsakar rana, ya ɗaga waya sama kamar mai jiran a jefo masa wani abu, ido ɗaya kan layin, ɗaya kan ƙofa. Layin ya kai inda ya saba kaiwa, ya tsaya.

A kwana na goma sha biyu masinja ya kawo masa takarda har ɗakin gadi. An rubuta cewa bai zo aiki ba kwana goma sha ɗaya a jere ba tare da izini ba, an jera ranakun ɗaya bayan ɗaya, an ce ya bayyana gaban manaja ranar Alhamis ya faɗi dalilin da zai hana a sallame shi. Baba ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya dubi masinjan.

"A ina aka ce ka same ni ka ba ni wannan?"

"A bakin ƙofa mana, Baba. Ina kuma za a same ka?"

"To."

Abin da ya ce ke nan. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A gida matarsa ce ta yi faɗan da shi bai yi ba. Tana tankaɗe a tsakar gida 'yar ta karanta musu takardar, sai uwar ta dire rariyar.

"Kwana goma sha ɗaya! To Malam, gaya min gaskiya, ina kake zuwa? Ni nake tashi in ɗora maka ruwa, ashe wani gidan kake wucewa?"

"Inna, ba wasa ba ne fa," in ji 'yar.

"Wa ya ce wasa nake? Mutumin da ranar da aka haife ki sai da ya je ya buɗe musu ƙofa kafin ya zo ya gan ki! Shi za a ce bai zo ba? In bai zo ba, su ta ina suka shiga? Katanga suka haura da kwat ɗinsu?"

Baba bai yi dariya ba. Shekarunsa sun ja, ya san ba wanda zai ɗauki tsoho sabon aiki. Amma abin da ke damunsa ya fi wannan. Idan aka sallame shi a kan haka, abin da zai rage a fayil shi ne ya gudu daga aiki.

Ranar Laraba ya roƙi wani direba ya riƙe masa ƙofa na awa ɗaya, ya tafi layin masu waya. Mai gyaran wani magidanci ne mai furfura a gemu, zaune a ɗan shago cike da matattun wayoyi, da tabarau mai kauri a goshi. Bai ma buɗe bayanta ba. Ya duba caji, ya duba kwanan wata, ya shiga wani wuri, sai ya yi fito.

"Baba, wayarka lafiyarta ƙalau. Cika ta yi. Sabon abin yana son wurin zama, ita kuwa ko allura ba inda za a sa. Me ka tara haka? Kai! Hoto dubu ashirin da takwas! Dillancin motoci kake yi?"

"Gadi nake yi."

"To ai shi ke nan. In share su yanzu, minti ashirin ta sabunta, ka tafi abinka."

Yatsansa ya riga ya nufi fuskar wayar. Baba, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya damƙe masa wuyan hannu.

"Kada ka taɓa. An ce kada in goge ko ɗaya."

"Wa ya ce?"

"Manaja."

"Shi manajan ne kuma ya ce sai ka sabunta?"

"Mutanensa."

Mai gyara ya sauke tabarau ya dube shi da kyau. "Wato sun cika maka waya da kayansu, sannan za su kore ka don ta cika. Allah ya kyauta. To in kwashe maka su a memori, kowanne zai tafi da ranarsa da lokacinsa, ba abin da zai ɓata."

"Da ranarsa?"

"Eh mana. Duba nan. Kowane hoto waya na rubuta ranar da aka ɗauka, har minti."

Baba ya matso. Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a kan teburin, ya ɗora yatsa kan ranar farko.

"Nemo min wannan."

Mai gyara ya nemo. Suka kalla tare. Sai mai gyara ya fashe da dariya har yana buga tebur. Baba bai bari an kwashe komai ba. Ya ce a koya masa yadda ake nemo rana, aka koya masa, ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, ya mayar da wayarsa aljihu a cike yadda ta zo.

Ranar Alhamis ya shiga ofishin manaja, wurin da a shekara ashirin da shida bai shiga fiye da sau biyar ba. Akwai kujera, ba wanda ya ce ya zauna. Mai Kwat ya juyo da fuskar kwamfuta, ya nuna jan layi goma sha ɗaya a gaban sunan Baba.

"Ba ni na ce ba, Baba, na'ura ce. Na'ura ba ta san kowa ba, kuma ba ta ƙarya. Idan ba ka danna ba, ba ka zo ba. Ƙa'ida ke nan."

"Na gaya maka ta ƙi."

"Ban tuna ba. Ka rubuto a takarda?"

Manaja yana ta duba agogo. "Baba, kana da abin cewa?"

Baba ya fito da wayar. Ya daɗe yana nema, don yatsunsa ba su saba ba, Mai Kwat har ya fara kaɗa ƙafa. Sannan ya ajiye ta gaban manaja.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in riƙa ɗaukar motoci. Ga ranar farko da aka ce ban zo ba. Wannan tirelar siminti ce, bakwai saura minti takwas. Wannan motarka ce, takwas daidai." Ya ja hoton gaba. "Wannan kuma ta wa ce?"

Motar Mai Kwat ce, lambarta tar. Gilashi a sauke, ga shi a ciki da kwat ɗinsa, ya ɗago hannu yana gaida mai ɗaukar hoton. A ƙasa an rubuta goma saura kwata.

"Wa kake ɗaga wa hannu, ɗana?" in ji Baba. "Ai ba kowa a ƙofar."

Baba ya wuce rana ta biyu. Tirela, motar manaja, sai Mai Kwat, goma da minti biyar. Rana ta uku, tara da rabi. Manaja ya ce ya isa haka. Baba ya ce a'a, ranka ya daɗe, kwana goma sha ɗaya aka rubuta. Ya bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, yana faɗin lokaci da bakinsa. Ofis na buɗewa ƙarfe takwas, kowa a ɗakin ya san haka. Da ya kai ta ƙarshe sai ya koma ta farko, ya ce bari ya sake dubawa ko ya tsallake wata.

Manaja ya ɗauki takardar ya cusa a aljihun tebur. "An yi kuskure. Koma bakin aikinka, Baba. Amma ka share hotunan nan ka sabunta wayar, kada a sake samun haka."

"In share?"

"To... a'a. A ajiye su."

"A ina? Wayar jikokina ce. Shekara huɗu kayanku na ciki, ba ta da wurin numfashi. Ku kwashe abinku."

Manaja ya juya ya dubi Mai Kwat. Haka Mai Kwat ya wuni ranar yana kwashe hoto dubu ashirin da takwas zuwa kwamfutar kamfani, Baba na zaune a kujerar da ba a ba shi ba da safe, yana tambaya ko adadin ya cika, yana sa a sake dubawa. Wajen la'asar zufa ta ishi Mai Kwat, ya cire kwat ɗin ya rataye. Leburori suka riƙa wucewa ta taga suna leƙe.

Da wayar ta yi sarari, aka danna. Layin ya tafi, ya kai rabi, ya wuce abinsa kamar ba shi ne ya yi kwana goma sha takwas yana gardama ba.

Ba wanda ya ba Baba haƙuri, ranar ko bayanta. Ba a rubuta masa wata takarda da ta ce ta farkon ƙarya ce ba. Waya ma ba a saya masa ba, an dai ce ana duba maganar. Matarsa har yau idan ta tuna sai ta yi tsaki ta ce da ita ce, da makullan za ta zube musu a tebur ta ga mai buɗe musu.

Shi kuwa washegari ƙarfe shida da rabi ya buɗe ƙofa. Ya danna manhajar, ta nuna koren alama, ta ce ya zo. Ya daɗe yana kallonta.

"Yau ka gan ni," ya ce.

Takwas saura minti biyar motar Mai Kwat ta tsaya a ƙofa. Ya sauke gilashi ya ɗago hannu. Baba bai ɗaga nasa ba, duka biyun suna riƙe da waya. Ya ɗauki hoton, ya duba, ya sake ɗauka, sannan ya buɗe masa.