Injin ƙyanƙyasata ya ƙi farkawa

Ƙwan zabina na hucewa cikin injin ƙyanƙyasa, shi ko jikana Nura da ya haɗa injin ya jona mashi waya daga kwamfuta, ya tsura mata ido.

Na ce, "Angona, ƙwai na sanyi kana karatu?"

Ya ce, "Hajiya, ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙi tashi. In tana farkawa, duk abin da ta taɓa sai ta rubuto. Inda ta yi shiru, nan ciwon yake."

Na matso. Duk kunnawa, wajen katin memori rubutun ke tsayawa. Ya canja katin, fanka ta juya, ɗumi ya dawo.

Jama'a, halan akwai irin wayar ga da zan jona wa maigidana Malam in ya yi mani shiru? Ko a kasuwar Ƙanƙara take, sai in aika.